Bakin Balarabar Badafi

A Badafi, can ƙasar Ƙiru, akwai wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sunanta Balaraba, wadda mutanen garin suka fi son ta kushe su da ta yabe su. Ba wai kushen nata ne ke da daɗi ba. Yabon nata ake tsoro.

Tun tana yarinya Allah ya yi ta da ido mai ganin kyau da baki mara birki. In abu ya burge ta sai ta faɗa, ta faɗa da ƙarfi, ta haɗa da tafa hannu. Farkon abin da aka riƙe mata shi ne jakin Inuwa mai itace. Tana amarya a lokacin, ta leƙo zaure ta ga jakin ya wuce da kaya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin jaki mai tafiyar ƙasaita irin wannan ba. Kafin kasuwa ta zagayo jakin ya kwanta bai tashi ba. Daga nan sai kabewar maƙwabciyarta Ramla, wadda ta hau danga ta zuba 'ya'ya manya-manya. Balaraba ta tsaya ta yi mata kirari, washegari awaki suka haura suka yi mata kaca-kaca. Sai kuma wata Bafulatana mai kawo nono daga ruga, da ta sayi sabuwar ƙwarya mai zane. Balaraba ta karɓa ta jujjuya ta yaba, matar ta yi tuntuɓe a bakin rafi, ƙwarya ta rabu biyu.

Shi ke nan magana ta zauna: Balaraba na da kambun baka, wato duk abin da ta yaba sai bakin ya kama shi. Mutanen Badafi kuwa Allah ya ba su haddar abin da ya lalace. Babu wanda ya tuna cewa jakin Inuwa ya girmi wasu magidantan garin, ko cewa dangar Ramla ko kaza ta jingina da ita sai ta faɗi. Babu kuma wanda ya tsaya ya dubi yaran da ta yaba suna tsumma, waɗanda ga su nan sun yi gemu suna noman rake. Wannan ba ya daɗin faɗa a bakin rijiya, don haka ba a faɗarsa.

Aka yi ta ce mata ta riƙa sa albarka, ta ce tubarkalla kamar yadda kowa ke yi in ya ga abu mai kyau. Ba ƙi ta yi ba. Matsalar dai yabonta ya fi tubarkallarta sauri. Sai ta gama zuba yabo, ta kama hanya, ta kusa gida, sannan ta tuna, ta juyo da sassarfa tana kiran tubarkalla tun daga nesa. Mai abu kuwa ya riga ya shige da abinsa ɗaka ya sakaya ƙofa.

Mijinta Uba shi kaɗai ke dariyar abin. Manomi ne mai sanyin hali, yakan ce ta yabe shi iya son ranta, shi fatarsa kauri gare ta. Wata Juma'a da damina ya sa sabuwar riga shuɗiya zai tafi masallaci, ta dube shi ta ce duk faɗin ƙasar Ƙiru babu namiji kamarsa. Ya yi dariya ya fita. Kafin a yanke dawa zazzaɓi ya kwantar da shi, kwanansa ya ƙare. Babu wanda ya ce mata uffan a kan wannan, don mutanen Badafi ba su kai nan a rashin tausayi ba. Ita ce ta faɗa wa kanta, kuma ta yarda. Ta yi kuka har idonta ya ƙanƙance, ta fita takaba da alkawarin ba za ta sake yabon komai ba.

Amma baki irin nata ba ya zama haka nan, dole a ba shi aiki. Sai ta juya shi. Duk abin da ya burge ta sai ta kushe shi, gwargwadon burgewar gwargwadon kushen. Gari ya gane da wuri, ya kuma ji daɗi. In saurayi ya sayi sabon babur sai ya bi ta ƙofar gidanta yana danna ham, ta fito ta ce, “Wannan akwalar ce aka damu mutane da ita?” Ya tafi yana murmushi, ya san babur ya yi. Masu jego sukan kawo mata jarirai ta ce ba ta taɓa ganin munana irinsu ba, a yi godiya a goya. Ranar da ta dubi ragon layyar wani ta yi shiru, mutumin bai iya cin abincin rana ba, don ya san ragon ne bai kai a kushe shi ba.

Haka ta zauna shekara da shekaru lafiya lau, tana suyar ƙulinta, ta aurar da 'ya'yanta mata, ya rage daga ita sai autanta Muzammil, mai gyaran injin ban-ruwa. Aikin nan ne ya riƙa kai shi Tudun Wada, can ya ga wata yarinya mai ɗinki, Ilham, 'yar Hajiya Maijidda, ya auro ta ya kawo ta gidan.

Ranar da aka buɗe fuskar amarya, Balaraba ta dube ta sau ɗaya ta ji gabanta ya faɗi. Yarinya ce son kowa, ga fara'a, ga ladabi, in ta yi dariya har kumatunta su lotsa. Yabo ya taso wa Balaraba tun daga ciki ya tsaya mata a maƙogwaro. Ta haɗiye shi da ƙyar, ta ce, “To, ita ce wannan? Duk Tudun Wada an rasa mai ɗan nama a jiki?” Matan Badafi suka yi guɗa, don sun san amarya ta karɓu. Amarya kuwa ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan lallenta.

Daga nan abu ya yi ta gaba. Ilham ta tuƙa tuwon masara mai laushi da miyar kuɓewa, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, “Inna, ga abinci.” Balaraba ta ci loma ɗaya, daɗi ya ratsa ta har kunne, ta ce, “'Yar nan, a garinku gishiri kyauta ake rabawa?” Ta cinye tas, ta miƙa kwano a ƙaro. Ilham ta ɗinka mata riga da zane na atamfa, ɗinkin ya zauna mata ɗas, ta ce an mayar da ita buhun gyaɗa, sannan ta sa kayan ta zaga gari gida-gida, har gidajen da ba ta da abin yi a cikinsu. In Ilham ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, sai Balaraba ta tsaya tana kallo, ranta fes, ta ce ko makaho ya fi haka shara.

Son yarinyar nan ya kama ta fiye da yadda ta zata. Tun rasuwar Uba gidan bai yi mata daɗi irin na wannan lokaci ba. Tana daga rumfar suya tana jin ƙarar keken ɗinki da 'yar waƙar da Ilham ke yi ƙasa-ƙasa, sai ta ji kamar an sauke mata kaya. Saboda haka ta ƙara ƙaimi wajen kushe, don tsare ta.

Muzammil ya yi wa matarsa bayani ba sau ɗaya ba. Ilham ta ce ta ji, amma a ranta ta ɗauka irin uzurin da ɗa ke nema wa uwarsa ne. Wa ya taɓa jin an tsani mutum don ana sonsa? Ramla ma, da ta tsufa tana dogara sanda, ta taɓa ce mata, “Ki gode wa Allah, yarinya, ni da ta yaba wa kabewa na san abin da na gani.” Ilham ta ɗauka gatse ne, ta koma ɗaki ta yi kukanta.

Da ciki ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta haifi namiji, aka sa masa Kamaluddeen. Ranar suna Balaraba ta je da ayarin matan Badafi, aka miƙo mata jariri, ta buɗe zane ta ga yaro jawur da gashi kwance luf-luf. Ta rufe da sauri ta mayar, ta ce, “Wannan ne mijin nawa? A kai kasuwa, ban saya ba.” Kowace kaka tana irin wannan wasa da jikanta, aka yi dariya. Ilham kaɗai ba ta yi ba, don ita ta ga yadda aka yi saurin mayar mata da ɗanta kamar an taɓa garwashi.

Aka gama wankan jego, aka yi arba'in, Ilham ba ta dawo ba. Muzammil ya je ya dawo shi kaɗai, ya zauna a bakin rumfar suya yana wasa da makullin babur.

“Ina suke?” in ji Balaraba.

“Inna, ta ce ba za ta dawo gidan nan ba, sai dai in nema mata wani wuri. Ta ce ta yi iya yinta, ba ki taɓa ce mata ko sannu da aiki ba. Ta ce ita ta haƙura, amma ba za ta iya ganin ana ƙyamar ɗanta ba.”

Balaraba ta bar ƙuli a cikin mai har ya ƙone. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ya kuma ba ta tsoro. In ta yi shiru, yarinyar ta tafi ke nan da keken ɗinkinta da ɗanta. In ta buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta, ta san abin da bakinta ya saba yi.

Ta yafa mayafi ta tafi wurin Malam Ladan, wanda ya tsufa yana kiran salla a masallacin unguwarsu. Ta same shi a zaure yana gyaran carbi, ta durƙusa suka gaisa, ya tambayi jika, ta ce yana can da muninsa.

“Allah gafarta Malam, tambaya na zo da ita. Tubarkallar nan da ake ta cewa in riƙa faɗa, mece ce ita? Ni dai na tashi na ji ana faɗa.”

“Larabci ce, bakin Bahaushe ne ya lanƙwasa ta,” in ji Malam. “Asalinta tabarakallahu, wato Allah ne mai albarka, alherinsa ya yawaita. In kin ga abu mai kyau kin faɗe ta, kin mayar da yabon ga wanda ya yi abin ke nan, kin kuma roƙa wa abin albarka. Ba ki bar yabon ya zauna a ranki ya zama ƙyashi ba.”

“Ni ban taɓa ƙyashin jakin Inuwa ba.”

“Na sani.”

“To a gaba ake sa ta ko a baya?”

“Duk inda ta samu wuri, Balaraba. Kuma ki ji ni da kyau, ajalin kowa ba a bakinki aka ajiye shi ba. Ni ma ai kin taɓa yabon muryata, ga ni nan har yau ina kiran salla.”

“Allah gafarta Malam, ai tun daga lokacin ta dushe.”

Malam ya yi gyaran murya, ya ji ta ƙi gyaruwa, ya ce ta tashi ta tafi Allah ya ba da sa'a.

Ranar kasuwar Tudun Wada ta ɗaure ƙuli a leda, ta cika galan da man gyaɗa, ta hau acaɓa zuwa Kwanar Ɗangora, daga can ta shiga mota. Tun da ta zauna take maimaita tubarkalla a ranta don kada ta makara kamar da. Can sai ta ga ya kamata ta gwada a kan abin da ko ya lalace ba a yi asarar rai ba. Ta dubi kwandasta, wanda ya ɗora wata hula mai aiki a gefen kai yana leƙe ta taga yana kiran fasinja. Ta tattara ƙarfinta ta ce, “Tubarkalla, ɗan nan, hularka ta yi kyau.” Shi ne yabonta na farko tun rasuwar Uba. Kwandasta ya washe baki ya ƙara tura kai waje, iska ta ɗauke hular ta jefa a gonar masara.

Kowa a motar ya yi dariya ban da Balaraba. Duk wanda ya ɗora hula a gefen kai ya leƙa ta tagar mota mai gudu ya san abin da zai biyo baya, amma je ka faɗa mata. Saura kaɗan ta ce a sauke ta ta koma. Abin da ya hana ta shi ne tunanin tsakar gidan nan shiru babu ƙarar keke.

A gidan Hajiya Maijidda aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa da fura. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi damina, aka sake tambayar gajiya. Ilham ta fito da goyo ta durƙusa daga nesa ta ce, “Inna, sannu da zuwa,” idonta a ƙasa. Ta yi ƙiba irin ta masu jego, ta ƙara haske. Balaraba ta ji wani kushe mai zafi ya zo mata har bakin leɓe, ta danne shi. Ta runtse ido ta yi roƙo a zuci: ya Allah, in bakin nan sai ya ci wani abu, ga ni, ya ci ni, ya bar yarinyar nan.

“Hajiya, magana na zo yi, ki zama shaida,” in ji ta. “Tubarkalla. 'Yarki, tubarkalla, tun da nake ban ga yarinya mai hankalinta ba. Tuwonta, tubarkalla, ban taɓa cin irinsa ba, gishirin nan daidai yake, ƙarya nake yi. Rigar da ta ɗinka mini, tubarkalla, har gidan mutanen da ba ma shiri na shiga don su gani. Shararta, tubarkalla. Muryarta in tana ɗinki, tubarkalla, nakan rage wuta don in ji. Tun da mahaifin Muzammil ya rasu ban yi barci mai daɗi ba sai da ta shigo gidan.”

Ta ci gaba. Abin da ta tara tun ranar buɗar kai ya ɓalle, ta yabi tafiyar Ilham, da gaisuwarta, da yadda take ninke wanki, da haƙurin da ta yi da tsohuwa mai mugun baki. Tubarkalla kuwa ta zuba ta gaba da baya da tsakiya, har Hajiya Maijidda ta gaji da cewa amin ta koma gyaɗa kai. Zufa ta jiƙe wa Balaraba mayafi. Ilham ta rufe fuska da gefen zane tana kuka.

Da Balaraba ta gama sai ta zauna tana zare ido, tana duban rufin ɗaki, tana duban bakin rijiya, tana duban turmin da ke kusa da ƙafar Ilham. Ilham ta tashi za ta ɗauko mata abinci, Balaraba ta ce, “Zauna, 'yar nan, kada ki motsa.” Yaron kuwa ko kallon inda yake ba ta yarda ta yi ba, don ta san in ta gan shi ba za ta iya riƙe kanta ba, kuma ba ta san ko tubarkallar za ta ishi mutum biyu a rana ɗaya ba.

Hajiya Maijidda ta ce ta ji, ta kuma gode, amma maganar komawa sai mahaifin Ilham ya dawo daga Doguwa an yi shawara. Balaraba ta yi sallama ta fito ba tare da ta samu tabbataccen amsa ba, zuciyarta a dagule.

An yi ruwa a bayanta. Daga Kwanar Ɗangora ta hau acaɓa, suna dab da Badafi babur ya shiga taɓo ya zame, ɗan acaɓa ya yi gefe guda, ita ta yi gefe guda, ƙafarta ta hagu ta karye a ƙauri. Aka ɗauke ta a amalanke aka kai gida, aka kira mai ɗori, mata suka cika tsakar gida suna salati. Muzammil ya shigo a gigice.

“Inna, sannu. Ina ne ke ciwo?”

“Bar ni. Kira Tudun Wada ka ji lafiyar yarinyar nan.”

Ya kira. Ilham lafiya ƙalau, ta ci abinci, tana ba yaro nono.

“Ba ta yi tuntuɓe ba? Ba ta ƙone ba? Ko ciwon kai?”

“Babu komai, Inna.”

Sai Balaraba ta kwanta ta fara dariya. Mai ɗori na jan ƙafa, ƙashi na ƙara, ita kuwa tana dariya hawaye na bin kunnenta, tana cewa alhamdu lillahi. Mai ɗorin ya ce shi dai tun da ya gaji sana'ar nan bai taɓa ɗora wanda ke murna ba. Ramla ta matso ta raɗa wa na kusa da ita cewa a duba kan ma, wataƙila ya bugu.

Washegari da hantsi aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ilham ce, da goyo, da akwati, da keken ɗinki a ɗaure a bayan mota. Ba ta jira an dawo daga Doguwa ba. Ta shiga ɗakin ta durƙusa a bakin gado, ta dubi ƙafar da aka ɗaure da karare da tsumma. Muzammil ya riga ya faɗa mata a waya abin da tsohuwar ta fara tambaya da aka kawo ta.

“Inna, sannu,” in ji ta da ƙyar.

“Yauwa, 'yar nan. Kin zo lafiya? Babu abin da ya same ku a hanya?”

“Babu, Inna.”

Balaraba ta yi ajiyar zuciya. Ta ɗaga kai ta hango 'yar ƙafar jariri ta leƙo daga cikin zanen goyo, tana motsi. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta gyara kwanciya, ta shafa ƙafarta ta dama, ta miƙa hannu biyu.

“Kwanto mini shi in gan shi da kyau,” in ji ta. “Ina da sauran ƙafa ɗaya.”